Igiyar Buhu

Ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin tanti, Auta ta ɗauka yunwa ce. Malamar asibitin sansanin ta tsunkuli fatar bayan hannunsa, fatar ta tsaya cak ta ƙi komawa.

"Ba yunwa ba ce, ƙishirwa ce," in ji malamar. "Tsohon nan ya bushe ƙayau. Ba kwa ba shi ruwa ne?"

Auta ta ji maganar kamar saukar mari. Tun da 'yan bindiga suka tarwatsa garinsu, ta riƙo hannun mahaifinta makaho har zuwa wannan fili mai fararen tantuna, ruwa ne kaɗai abin da ba su rasa ba. Kullum tankar masu agaji na zuwa, ita da kanta take miƙa masa kofi, kuma kullum yana maido mata da shi babu ko ɗigo.

Ta bar shi ana ƙara masa ruwa a jijiya, ta koma tanti ta ɗaga tabarmarsa. Ƙasar bayan matashinsa jiƙe take sharkaf. Har wata 'yar ciyawa ta tsiro a wurin, kore shar, tana shan rabon Baba.

Da aka sallamo shi ta durƙusa gabansa.

"Baba, ciyawa kake nomawa a bayan matashi?"

Ya ce, "Ta yi kyau kuwa?"

"Kar ka mayar da ni abin wasa, don Allah. Harsashi bai raba mu ba, yanzu kuma kofin ruwa ne zai raba ni da kai?"

Tsohon ya laluba ya kamo hannunta. "Auta, a gida na taɓa neman ɗan jagora? Bango na nan, bishiya na nan, ƙafata ta san kowane rami. Nan kuwa ba bango, duk inda na taɓa leda ce iri ɗaya. In na sha ruwa dole in zaga. In zan zaga sai kin ja ni ta gaban mutane, ki tsaya a ƙofar bayi kina jirana. Ni na yi miki tsarki kina jaririya. Ba zan iya ba, 'yar nan."

Ta yi kuka, kuka mai yawa, har ta gaji. Sannan ta share fuska da gefen zani, ta miƙe ta shiga bi tanti tanti tana roƙon buhunan da aka gama cinye abincinsu.

"Me za ki yi da buhu, 'yar Baba? Ko kayan aure ake haɗawa?" Dogo ne, wani ɗan gudun hijira da masu agaji suka ɗauka aikin haƙa magudanar ruwa. Duk inda ta bi sai shebur ɗinsa ya sami aiki a wurin.

"In ba za ka taimaka ba, matsa min, ka tare rana."

"Ai inuwa nake yi miki kyauta."

Bai matsa ba, ya karɓi buhunan ya ɗora a kafaɗa. Ita tana warware zaren, Baba yana murzawa a cinyarsa, don yatsunsa ba su makance ba. Igiya ta yi ta tsawo. Dogo ya kafa turaku daga bakin tantinsu, Auta ta ɗaura ta daidai ƙugun tsoho, ta wuce bayan famfo, ta tsallaka hanyar mota, ta ƙare a ƙofar bayin maza.

Washegari da hantsi jami'ar da ke kula da sansanin ta iso da igiyar a naɗe a hannu.

"Wa ya ɗaura wannan a kan hanya? Direban tanka ya tsinka ta. Da motar asibiti ce fa? Da yaro ne a guje ta shaƙe shi?"

"Ni ce, ranki ya daɗe." Auta ta faɗa mata komai, har ciyawar.

Fuskar matar ta yi laushi, amma ta girgiza kai. "Gefen tantuna na yarda. Kan hanya kam, a'a. Mun nemi a gina bayi ta wannan ɓangaren, sai dai ban san ranar ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba."

Baba na ciki yana jin su. Da Auta ta kai masa kofi, ya kau da kai.

Ta fito ta tsaya a bakin hanyar tana kallonta kamar kogi. Faɗinta bai kai a kira shi nisa ba, amma a nan rayuwar mahaifinta ta maƙale. Ta taka tsakuwar da Dogo ya tara don magudana, ta soke ta a tafin ƙafa, ta yi tsaki. Sai ta tsaya. Ta sake takawa, a hankali.

"Dogo! Kawo shebur!"

"Wa za mu binne?"

"Bakinka, in ka ci gaba. Haƙa min siririn layi daga wannan turken zuwa wancan."

Ya haƙa, ta cika ramin da tsakuwa, ta daddaɓe da dutse har tafin hannunta ya fashe. Jami'ar ta dawo ta duba, ta taka da takalminta, ta ce mota za ta wuce lafiya. Ta ƙara da cewa za ta gaya wa direban tanka ya riƙa yin hon kafin ya shigo.

Da la'asar Auta ta sake ɗaura igiyar a ɓangarorin hanyar biyu, ta ɗora hannun Baba a kanta.

"Inda ta ƙare, ka cire takalmi. Ƙasa za ta yi maka magana."

"Ke kuma ina za ki tsaya?"

"Ina cikin tanti. Ba zan ko leƙo ba."

Ta leƙo mana, ta wata 'yar ɓula a jikin ledar. Ta ga ya bi igiyar yana shafa ƙullin da ya yi da hannunsa. Ta ga ya tsaya a bakin hanya ya kasa kunne, ya riƙe takalmansa, ya sa ƙafa. Ya kauce, ya laluba da yatsan ƙafa, ya dawo kan tsakuwar. Dogo na can gefe ya jingina da shebur, ya kafe idonsa a sama kamar mai ƙirga tsuntsaye.

Da Baba ya dawo ya zauna a tabarma, ya daɗe yana kakkaɓe tafin ƙafarsa.

"Tsakuwar nan taki akwai cizo," ya ce. "Kuma ki gaya wa dogon yaron nan, makaho na jin numfashin mai gadinsa."

Auta ta rufe baki tana dariya, hawaye na zuba.

Ya miƙo hannu. "Ina kofin nan? Cika shi. Ciyawa ta nemi wani uban."