Basir Ɗin Gidan Alhaji Usaini

A gidanmu basir ba ciwo ba ne, gado ne. Haka muka tashi muka ji ana faɗa, har da ɗan alfahari a ciki. Kakanmu ya zo Lome daga Katsina da fataucin goro da kuma sirrin wani jiƙo na saiwoyi, ya bar wa babanmu Alhaji Usaini, shi kuma da ya rasu tukunyar ta koma hannun mahaifiyarmu, Mma Asibi. Duk Zongon Agoè an san ƙofarmu. Mutum ya ga jini a bayan gida, ba sai ya buɗe baki ya ji kunya ba, ya miƙo kwalba kawai, Mma ta cika masa. Ba ta taɓa tambayar kowa komai ba, kuma saboda haka ake son ta.

Ni Yasmine, atamfa nake sayarwa a babbar kasuwa, kuma bakina ba ya shiru, kowa ya sani. Da liman ya sanar bayan Juma'a cewa wata ƙungiyar likitoci za ta zo filin makaranta yin gwajin ciwon dajin hanji kyauta, ni na fi kowa dariya. Wai mutum da girmansa ya ɗauko bayan gidansa a ɗan roba ya kai wa baƙo. Mazan unguwa suka ce sai dai bayan ransu. Ni ma abin da ya kai ni, an ce suna auna hawan jini, kuma kaina ya dame ni da ciwo.

Likitar da na samu 'yar Zongo ce, Dakta Safina, Hausarta rabi Faransanci. Ta auna ni, ta ce lafiyata lau, gwajin hanjin ma shekaruna ba su kai ba, sai dai idan akwai mai ciwon a dangi. Na ce mata mu kam Allah ya tsare mu, basir kawai muke da shi, shi ma ya ishe mu, tunda shi ya ɗauke babanmu.

Ta tambaye ni yadda ya ɗauke shi. Na ba ta labari kamar yadda muke ba wa kowa: jini, sai rama, sai ciki ya kumbura, daga ƙarshe bayan gida ya ƙi fita gaba ɗaya. Ko hamsin bai kai ba. Ta ce akwai wani? Na ce ƙaninsa Kawu Mamadou ma haka ya tafi. Sai na tuna Goggo Rabiatou ta Baguida, na ƙara da ita. Ina magana ina ganin fuskarta tana canzawa, har na ji haushi, don na ɗauka raina mana gida take yi.

"Yasmine, basir ba ya kashe mutum haka," ta ce. "Ba zan rantse a kan waɗanda suka rasu ba, ban gan su ba. Amma abin da kika faɗa min, kamannin dajin hanji ne, irin mai bin jini. Yanzu akwai wanda yake zubar da jini a gidanku?"

Na ce mata akwai. Yayana Ikrima ɗan zemijan ne, mai ɗaukar fasinja a babur, kuma kowa ya yarda kujerar babur ce take tayar masa da basir. A 'yan watannin nan ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Ni da bakina na tsokane shi na ce matarsa ta daina ba shi abinci.

Ban koma kasuwa ba ranar. Na tarar da Mma a tsakar gida tana tace jiƙo da ƙyalle, Ikrima kuma ya dawo cin abincin rana yana jujjuya shinkafa a kwano. Na zazzage musu komai a tsaye, ko mayafi ban cire ba. Da na kai wurin da likita ta ce shi ba gwajin roba zai yi ba, kyamara za a zura masa ta ƙasa a duba hanjin, Ikrima ya ture kwanon. Ya ce ni ba ni da kunya, kuma shi da a yi masa wannan tozarcin gara ya bi babansa. Na ce ai hanyar ya kama. Muka yi ta sa'insa har maƙwabta suka fara leƙe.

Mma ta ci gaba da tace jiƙonta. Ta matse ƙyallen, ta shanya, ta wanke hannu. Na san Ikrima ba ya jin maganar kowa a duniya sai tata, na kuma san idan ta ce ya je, to ta yarda ke nan cewa tukunyar da ta yi jinyar mijinta da ita ba ta yi masa komai ba. Tausayinta ya kama ni, amma tsoron da nake ji wa yayana ya fi shi.

"Ikrima," ta ce, "za ka je. Ni zan raka ka."

Ranar da aka yi masa gwajin kyamarar, mu uku muka je asibiti. Bayan ya farfaɗo, likitan hanji, wani dattijo mai sanyin murya, ya kira mu ofis ya ce ya ga ƙari a babban hanji, ya kusa toshe hanya. Ya ɗebi kaɗan za a auna, amma bai ɓoye mana abin da yake zato ba, kuma aikin tiyata dole ne, da wuri. Ni nake fassara wa Mma, ina jin kalmomin suna fita daga bakina kamar ba nawa ba. Sai ya tambayi Ikrima tun yaushe yake ganin jinin. Ikrima ya sunkuyar da kai ya ce 'yan watanni ne.

"Ba haka ba ne," Mma ta ce min. "Faɗa masa tun sunan Zahida. Ranar na fara ware masa kwalbarsa daban."

Zahida 'yar Ikrima ce. Da safen ranar na gan ta da kayan makaranta, ta iya rubuta sunanta. Na kasa fassarawa sai da likitan ya sake tambaya. Da ya ji, bai yi faɗa ba, ya cire tabarau kawai ya murza ido. Mma ta taɓa ni ta ce in tambaye shi, da a lokacin muka zo fa? Na so in yi kamar ban ji ba, ta sake taɓa ni.

Ya ce ba mai iya tabbatarwa, amma sau da yawa a farko ɗan tsiro ne kamar ƙwayar gyaɗa, da kyamarar nan ake tsinke shi, mutum ya koma gida a ranar.

Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban rage komai ba. Ta gyaɗa kai, ta yi masa godiya, muka fito muka zauna a benci muna jiran takardar ranar aiki. Can ta buɗe jakarta ta ciro kwalbar Ikrima, cike, da ɗuminta. Ta dafa masa da safe don ya sha idan an gama, kamar kullum. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙo min.

"Karɓi, Yasmine," ta ce. "Kar ki bari in sake riƙe ta."