Abarba a Hannun Mukhtar

Mukhtar mai tsire na unguwar Chagoua ya san abarba fiye da masu sayar da ita. Idan ya samu naman tsohuwar saniya mai tauri, sai ya goga abarba ya jiƙa shi, ya yi laushi kamar naman ɗan maraƙi. Wata rana kuwa ya manta da kwano guda tun safe har la'asar, ya tarar naman ya zama kamar kunu. Abin ya daɗe yana ba shi mamaki, wai ɗan itace ne ke cin saniya.

Ranar da tafasasshen mai ya zube wa 'yarsa Khairat a hannu, suka garzaya da ita wani ƙaramin asibiti a Sabangali. Likitar ta ce sai an cire matacciyar fatar, ko da wuƙa, ko da wani magani da ake samowa daga abarba.

"Abarba?" in ji Mukhtar. "Likita, da ita nake narkar da saniya!"

"Baba, mataccen nama maganin yake ci, ya bar mai rai. Wuƙa ce ke haɗawa da lafiyayyen wuri."

Bai yarda ba. Ya ɗauke 'yarsa suka koma gida.

"Baban Khairat, yarinyar nan ba tsire ba ce," in ji matarsa Zuleha tana kuka.

"Shi ya sa ba zan bari a jiƙa ta ba."

Amma maganar likitar ta hana shi sukuni. Ta yaya abarba za ta bambance mai rai da matacce? Ido gare ta? Ya yi kwanaki yana juya abin a ransa, Khairat kuma tana nishi a ɗaki. Wata safiya sai ya tsaga damtsensa da wuƙar aiki, ya ɗaure gogaggiyar abarba a wurin da tsumma, ya jiƙa tsokar nama da ita a kwano, ya zauna yana kallonsu. Zafi ya hau har kafaɗarsa. Da la'asar naman kwanon ya saki, ya zama taɓo. Ya kwance tsumman yana jin tsoron dubawa. Wurin ya yi ja, yana raɗaɗi, amma namansa na nan yadda Allah ya halicce shi.

Ya saɓi Khairat, ya tare mai babur, sai asibiti.

Likitar ta kwance ƙyallen hannun yarinyar, wari ya tashi.

"Na yarda, likita. Na gwada a jikina," ya ce, yana nuna mata damtsen.

"Ciwon ya ruɓe har ciki, Baba. Yanzu sai wuƙa, kuma ban san yatsu nawa za su tsira ba."

Khairat ta riƙe shi da hannunta mai lafiya, ta dubi jan tabon.

"Baba, kai ma ka ƙone?"

Aka tura ta ciki, aka bar shi a kan benci, ƙamshin abarba na tashi daga rigarsa.