Ranar da Gwamna Ya Gwada Indiyancinsa

Wata takwas Gwamna Bulus (Gwamna sunansa ne, ba muƙami ba) ya yi a Dubai yana gyaran iyakwandishan, kuma babu abin da ke ƙona masa rai kamar Indiyanci. Ɗan Kagoro ne, yana jin Hausa da Turanci da yaren gidansu, har Larabci ya ɗan tsinta kafin ya taso. Amma daga mai shayin unguwarsu ta Hor Al Anz har mai gadin benen da suke haya, kowa sai ya buɗe baki ya zubo masa Indiyanci.

"Jama'a, ku dube ni da kyau," ya ce wa abokan ɗakinsa wata rana. "Ta ina na yi kama da mai jin yaren nan? Aski na je, na ce a rage kaɗan. Mutumin yana ta zuba, ni kuma ina ta gyaɗa kai. Ku ga aikin da ya yi mini!"

Ya cire hula. Kai tal kwabo. Aka yi ta dariya har da faɗowa daga gado.

Da abin ya ishe shi sai ya ce to shi ma zai koya. Kwana biyar yana fama da waya, ya haddace jimla uku: gaisuwa, "ina na'urar take?" da "kada ka damu, ɗan'uwa."

Ranar Asabar aka tura shi wani shagon sarin barguna a unguwar Al Sabkha. Mai shagon dattijo ne mai farin gemu, Zainul Abideen, yana zaune yana fifita da kwali. Gwamna ya ajiye jakar kayan aiki, ya gyara murya, ya sako jimlolinsa uku a jere, har da karkaɗa kai.

Dattijo ya saki kwali. Ya miƙe tsaye.

"Har kai?" ya ce da Turanci. "Har kai, mutumin Afirka? Shekara ashirin da biyu ina garin nan ina faɗa! Ni ɗan Sri Lanka ne, Tamil nake ji! Ko kalma goma ban sani ba a yaren nan, kullum sai an ɗura mini shi!"

Gwamna ya yi tsuru-tsuru. "Baba, yi haƙuri. Ni ma jimla uku kawai na iya, kuma duk na ƙarar da su a kanka."

Dattijo ya dube shi, gemunsa ya fara rawa, sai ya fashe da dariya har yana dukan barguna. Gwamna ma ya kama. Ana cikin haka wani dogon mutum ya turo amalanke cike da kwalaye, ya leƙo ya yi tambaya da Indiyanci.

Gwamna ya amsa masa da Hausa tiryan-tiryan: "Lafiya lau, malam. Ya gida, ya yara, ya zafin nan?"

Zainul Abideen ya ɗora da Tamil, doguwar magana, yana nuna sama da ƙasa.

Mai amalanke ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sai ya jefar da tawul ɗin wuyansa, ya ɓarke da nasa yaren yana dukan ƙirji. Daga baya suka gane ɗan Afghanistan ne, Pashto yake yi, Indiyancin dole ce ta sa shi. Minti goma suka kwashe kowa na zuba nasa, babu mai jin wani, hawaye na zuba don dariya. Abin mamaki, kwalayen sun shiga daidai inda ake so.

Dattijo ya aika a kawo karak, shayin madara mai kauri, kofi uku. Gwamna ya hau tsani ya buɗe na'urar, dattijo kuma yana ƙasa yana naci. "Koya mini gaisuwarku, abokina, guda ɗaya!"

"Ka ce, sannu da aiki."

Ya maimaita sau huɗu, ya fita bakin ƙofa ya ɗaga murya ga duk mai wucewa: "Sannu da aiki! Sannu da aiki!"

"Yauwa, Baba, sannu kadai!"

Wata mata ce ta ja birki da ledojinta a hannu. Adizatu sunanta, 'yar Zangon Kumasi, tana aiki a wani otal a Abu Hail. Ta shigo tana zare ido. "Wa ya koya wa Ba'indiyen nan Hausa?"

"Ke, rufa mana asiri!" Gwamna ya ce daga kan tsani. "Ba Ba'indiye ba ne, yanzu aka gama wannan shari'ar!"

Da aka fassara wa dattijo, sai ya kama kai ya zube a kan barguna yana shure-shure. Daidai nan na'urar ta yi tari ta fara huro sanyi. Adizatu ta ja kujera ta zauna a saitinta, ta ce ita ba inda za ta sai an kawo nata shayin.