Miyar Ƙwaƙwalwa a Gidan Suruka

Ranar da aka sallamo Zulfahmi daga asibiti, ƙamshin madarar kwakwa ne ya tarye shi tun daga matakalar gida. Likitar da ta buɗe masa jijiyar zuciya ba ta ɓoye masa komai ba: kitse ne ya toshe ta, kuma in yana son ganin auren 'ya'yansa, to ya yi sallama da ƙwaƙwalwa da kayan ciki da miyar kwakwa mai kauri, ya rungumi kifi da ganye.

To, faɗa a asibiti ba wuya. Amma a garinsu Payakumbuh gida na mace ne, miji baƙo ne ko da a ciki ya yi furfura. Gidan na surukarsa ne, Amak Rosmaini, wato Mama Rosmaini, tukunya ma tata, kuma abin da ta ajiye gaban suruki shi zai ci, har ya nemi ƙari, in ba haka ba ya raina gida.

Ya ja matarsa Yusnidar gefe. "Ba ki gaya mata abin da likita ta ce ba?"

"Uda, ka ɗan taɓa kawai," in ji ta, da sunan da mata ke kiran miji a can, idonta a ƙasa. "Zan san dabara."

"Wace dabara? Ki ce mini bakinki ya yi nauyi!"

Haushi ya kama shi, ya ƙudurta shi zai faɗa da bakinsa, kunya ta yi abin da za ta yi.

Tsohuwa ta fito da kwano da kanta, tana ɗingishi. Ƙwaƙwalwar saniya ce, mai na yawo a kanta rawaya shar, ga shayin gwaiduwar ƙwan agwagwa a gefe. Yatsunta duk sun kumbura da kankarar kwakwa, don ita ba ta yarda da ta inji ba.

"Sutan," ta kira shi da sunan girmamawa na surukai, "dubi yadda suka mayar da kai kamar tsinken tsire! Ruwan shinkafa suke ba mutum a can? Zauna ka ci, jini ya dawo."

Zulfahmi ya gyara murya. "Amak, dama likita ta ce..."

"Na san ciwon nan, ɗana," ta katse shi, ta zauna tana share hannu da bakin zane. "Shi ya kama baban Yusnidar. Da aka sallamo shi, wannan miyar na riƙa yi masa don ya yi ƙarfi. Ko rana ɗaya ban yi fashi ba, har ranar da ya faɗi a gona. In kewarsa ta taso mini, da wannan nake rarrashin kaina. Na san ban gaza masa ba."

Ya waiwayi Yusnidar. Tana tsaye bayan uwarta, hawaye na zuba, tana girgiza masa kai a hankali. Sai yanzu ya gane abin da ya ɗaure mata baki.

Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Daɗi kamar me, wannan ne ma abin takaicin.

Fuskar tsohuwa ta washe. Ta ƙara masa cokali biyu a kan shinkafa.

"Ci, Sutan, kada ka ji komai. Na riga na ce wa mahauci ya riƙa ajiye mini kullum."