Sunan da Shekari Ya Ara

Kulob bakwai Shekari ya buga wa ƙwallo, daga Gombe har Aba, kuma babu inda aka taɓa kiransa Shekari. Ɗan wasan tsakiya ne, irin waɗanda ake ɗauka kakar wasa ɗaya a sallame su ba ko sannu. Tun farkon fari wani dillalin 'yan wasa ya ce masa ɗan shekara ashirin da biyar ya tsufa, don haka ya dawo gidansu a unguwar Nasarawa ya ɗauki takardar haihuwar ƙanensa Derrick, wanda ya ba shekara bakwai. Da aka ce ba mai buga gasa sai da katin ɗan ƙasa, gogan naka ya je ya dangwala yatsunsa goma a kan sunan ƙanen. Shi a ganinsa aro ya yi.

Ranar Asabar da yamma yana shafa man zafi a gwiwa a tsakar gida, Derrick ya shigo da fayil a hammata, ko gaisuwa babu.

"Yaya, wani kamfani a Kudenda ya ɗauke ni aiki, sun ce in kawo kati. Na je ofis, kwamfuta ta ce tuni na yi rajista. Sunana ne, ranar haihuwata ce, amma fuskarka ce."

Shekari ya ajiye man zafin. "Ka ba ni kaka ɗaya. Litinin zan sa hannu a wani kulob a Lafiya. In maganar nan ta fito, ni da ƙwallo har abada, ƙila ma har da 'yan sanda."

"Shekara goma kana cewa kaka ɗaya. Matata na da cikin wata bakwai. Laraba za su ba wani gurbin."

Mahaifiyarsu, Mama Hadassah, tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ba ta ɗago ba, ba ta ce uffan ba. Shirun nan nata ya fi maganar Derrick ba shi tsoro, don tun suna yara in ta yi shi to ta gama yanke hukunci.

Litinin da safe ya saɓa jaka ya fice ba sallama. Yana cikin mota, sun wuce Kachia, waya ta yi ƙara. Mama ce. Sai da ta kira sau uku kafin ya ɗauka.

"Shekari, muna ofishin katin, ni da ƙanenka. Sun ɗauko hotonka sun ajiye a gabana, sun ce in faɗi wanda na haifa a ranar da ke jikin katin."

Ya ƙara danna wayar a kunne. "Me kika ce musu, Mama?"

"Ban amsa ba tukuna. Na ce su bari in kira ka, ka ji da kunnenka, kada wani ya ba ka labari."

Ya ji ta janye wayar daga bakinta, ta yi gyaran murya, ta ce wa jami'in ya ɗauki biro.