Watsewar Shagon Mai Aski

Shagon askinsa ɗan ƙarami ne, yana tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera ɗaya ce a ciki mai juyawa, fatarta ta tsage ta gefe ya liƙe da salatif, sai madubi, sai dogon benci na masu jiran layi. A da bencin nan ba ya rabo da mutane. Wasu ma ba aski ke kawo su ba, hira ce, domin Mai Aski mutum ne mai barkwanci. Yana riƙe da kan mutum zai sunkuyo daidai kunnensa ya sako labari, in mutumin ya fara dariya ya ce, "Tsaya mana, kada in ɗauke maka kunne ka ce ni na jawo."

Bayan rasuwar matarsa sai shagon ya zame masa gida. Ɗansu guda ne, yana aiki a wani gari mai nisa, sai dai waya. Saboda haka tun da safe yake buɗewa, ya share gashin jiya, ya jera almakashi da reza a kan tawul, ya zauna jiran wanda zai yi wa magana.

A wannan tsakanin ne ya fara ganin jini idan yana goge baki. Ya ce buroshin ne ya yi tauri, ya sayo mai laushi. Jinin bai daina ba, sai ya rage gugar, yana ɗan shafawa sama-sama ya kurkure. Tun da yake bai taɓa zama gaban likitan haƙori ba. A ganinsa abin da ba ya ciwo ba a kai shi asibiti, nasa kuwa ba ya ciwo.

Mutanen ba rana ɗaya suka watse ba. Malamin makarantar da ya yi shekara da shekaru yana zuwa ne ya fara cewa, "Yau a bar gemun, zan gyara a gida." Direban babbar mota, wanda a da yake barci a kujerar saboda daɗin hannu, ya koma juya fuska wajen ƙofa, yana cewa a ƙara fanka ko da garin ba zafi. Masu zaman benci suka riƙa janyewa zuwa can ƙarshe, daga baya suka mayar da hirarsu bakin shagon mai fenti.

Da wasu samari suka buɗe sabon shagon aski a tsallaken titi, da kiɗa da fitilu masu launi, sai Mai Aski ya ce ya gano dalili. Ya sake fenti, ya sayi sabon injin aski, har ƙaramin talabijin ya rataya a bango. Talabijin ɗin ya riƙa magana shi kaɗai, shi kuma yana zaune a kujerar da ya kamata a ce wani ne a kai, yana kallon motoci.

Wata ranar Asabar ya hango Malam ya fito daga shagon samarin, kansa fes, gemu a gyare. Idanunsu suka haɗu. Malam ya ɗaga hannu a kunyace, shi kuwa ya sunkuya kamar yana neman wani abu a aljihun tebur. Ya daɗe a sunkuye, yana ta juya tsohon mataji, yana tambayar kansa laifin da ya yi wa mutumin nan.

A gida ma abin ya canza. Ya daina sayen nama saboda haƙoran ƙasa na motsi in ya tauna. Yakan zauna bakin gado da kwano a cinya, yana tauna ta gefe ɗaya, babu mai ce masa ya ƙara. In ɗan ya bugo waya ya ce, "Baba, ya kasuwa?" sai ya ce, "Lafiya lau, ga mutane nan ma suna jira."

Ƙanwarsa ce, autar gidansu, ta zo duba shi bayan dogon lokaci. Mace ce da ba ta iya ɓoye magana ba tun suna yara. Ta same shi a shago, ta zauna a benci, ya matso kusa da ita zai nuna mata hoton jikansa a waya. Ta ja baya kaɗan, ta dube shi.

"Yaya, buɗe bakinka in gani."

"Ke kuma da me kika zo? Likita kika zama?"

"Buɗe dai."

Ya buɗe. Ta leƙa, sannan ta sassauta murya. "Yaya, bakinka na wari, kuma ba kaɗan ba. Dasashinka duk ya kumbura. Babu wanda ya gaya maka?"

Ya so ya mayar da abin wasa, wasan ya ƙi zuwa. Ya hura iska a tafin hannu ya shinshina, bai ji komai ba.

"Ai kai ba za ka ji ba," in ji ta. "Hancinka ya saba."

Ya dubi kujerar, ya dubi bencin da ita kaɗai ke kai. Ya tuna yadda yake sunkuyawa dab da fuskar mutum idan yana gyara gashin baki, yana ta zuba surutu. Kunya ta kama shi har ya ji ƙeyarsa ta yi zafi.

"Da matarka tana raye da tuni ta kai ka asibiti," Auta ta ce. "Gobe ka rufe shagon, ni zan raka ka."

Likitar haƙorin mace ce mai sanyin magana. Ta kwantar da kujerar, ta kunna masa fitila a fuska, ta riƙa taɓa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe. Shi da ya saba riƙe kan mutane, yau nasa ne a hannun wani. Bayan an ɗauki hoton haƙoran ta nuna masa.

"Baba, datti ne ya daskare a gindin haƙoran, ya shige ƙarƙashin dasashi, yana cin ƙashin da ke riƙe su. Daga nan warin yake. Na ƙasan nan na gaba ba za su tsira ba, sai an cire. Sauran za mu wanke, in ka kula da su za su zauna."

"Amma ban taɓa jin ciwo ba."

"Haka cutar take, ba ta ciwo sai ta gama ɓarna. Shi ya sa muke so a riƙa zuwa duk bayan wata shida ko lafiya ƙalau ake ji. Da ka zo tun lokacin da ka fara ganin jini, da wanki kawai za a yi ka tafi."

Ya yi ta komawa har aka gama. Aka cire na cirewa, aka kankare sauran, aka yi masa na roba da yake sawa a gurbin. Ta koya masa yadda zai riƙa goge bakin safe da dare, da yadda zai bi tsakanin haƙora da zare. Auta ta zauna da shi kwanakin farko tana dafa masa abu mai laushi, sannan ta koma gidanta, ɗakin ya sake yin shiru.

Da ya buɗe shago bai gaya wa kowa komai ba. Mai gyaran waya ne ya fara shigowa aski, da alama shi ya kai labarin cewa warin ya tafi, domin bayan ɗan lokaci sai ga Malam ya yi sallama ya zauna. Mai Aski ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya kunna inji. Sai da aski ya yi nisa ya kashe.

"Malam, duk zaman da muka yi, me ya hana ka gaya min?"

Malam ya dubi gwiwoyinsa. "Wallahi na sha niyya. Nauyinka nake ji. Na ga kamar zan ci maka fuska."

"Sai ka tafi."

"Sai na tafi," ya amsa a hankali.

Mai Aski ya sake kunna injin ya ƙarasa, ya gyara gemun, ya shafa masa hoda. Bai ba da labari ko ɗaya ba, Malam ma bai nema ba.

Wasu sun dawo, da yawa kuma sun saba da tsallaken titi, direban ma bai ƙara leƙowa ba. Da lokacin komawa wajen likita ya yi, Auta ta bugo ta ce ba za ta samu zuwa ba, jikarta ba lafiya. Ya ce ba komai, ya san hanya. Ya ja ƙofar shagon ya sa kwaɗo, ya ce wa mai fenti in wani ya zo a ce ya jira, ya tsallaka ya tsaya a inda ake shiga mota.