Talatar da Royce Ya Shiga Zaɓe da Bindiga

Ranar Talata ce a farkon Nuwamba, gari ya waye da yayyafi da iskar arewa mai shiga ƙashi. Lonnie Tackett ya riga kowa zuwa zauren taron ƙaramin garinsu a jihar Texas, ya jingina da ƙofa kamar mai fakewa ruwa. Wata huɗu ke nan yana jiran wannan rana.

Cikin Yuli ne maƙwabcinsa Royce Hargis ya harbe masa karya, wai ta tsallake shinge tana koran maruƙansa. Ɗan sanda ya zo, ya dubi shingen, ya ce doka tana bayan mai shanu. Lonnie ya binne ta a bayan gida. Abin da ya hana shi barci shi ne bindigar. Kullum tana rataye a kugun Royce, tsirara, a gidan mai, a kantin abincin dabbobi inda Lonnie ke dako, har a wannan zauren da maza ke haɗuwa kowace Talata su sha kofi su buga wasan domino a kan tebur.

Kuma kullum sai an yi musu a kanta. Tsoho Delbert, mai ɓoye tasa cikin riga, yakan ce, "Royce, in ɗan fashi ya shigo, wa zai fara bindigewa? Ai mai tallan tasa."

"Wanda ya hango tawa ko shigowa ba zai yi ba," in ji Royce. "Ku masu ɓoyo, kunyar 'yancinku kuke ji."

To yau an kwashe teburan domino, zauren ya zama wurin jefa ƙuri'a. A Texas kuwa shiga wurin zaɓe da bindiga babban laifi ne, irin wanda in ya tabbata mutum ba ya sake riƙe ko ɗaya. An ma manna takardar gargaɗi a ƙofa. Ita Lonnie ya rufe da bayansa.

Wajen ƙarfe tara Royce ya sauko daga motarsa, rigar ruwa har gwiwa. Lonnie ya kai ido kugunsa. Rigar ta lulluɓe komai, zai shiga ya fito ba wanda ya gani.

"A'a, dattijo!" in ji Lonnie. "Ashe Delbert ya ci musu?"

"Me kake faɗa, yaro?"

"Na ga yau an sa wa amarya mayafi. Ko sanyi take ji?"

Royce ya tsaya. Ya dubi mutum uku da ke dariya a layi, ya buɗe rigar, ya cusa gefenta bayan mariƙin bindigar yadda makaho ma zai gani.

"Kalle ta da kyau. Ai kun san juna."

Lonnie ya haɗiye wannan da ƙyar, ya buɗe masa ƙofa da hannunsa. Royce na shiga, Lonnie ya kira 'yan sanda, sannan ya bi shi da waya yana ɗaukar hoto.

Madam Verna mai kula da zaɓen, wadda ta koyar da rabin garin, ta ɗago kai. "Royce Hargis, mene ne wannan a kugunka?"

"Abin da kike gani kowace Talata, Verna."

"Yau ba kowace Talata ba ce. Fita, maza, tun kafin..."

Da ya fita a lokacin, da wataƙila an rufa masa asiri. Amma Lonnie na tsaye yana murmushi, kuma Royce ba zai juya a gabansa ba. Ya ce ba inda za shi sai ya jefa ƙuri'arsa. A kan haka ɗan sanda ya same shi. Ɗan sandan ya so ya yi masa faɗa kawai ya sallame shi, sai ya ga wayar Lonnie da idanun mutum ashirin. Ya miƙa hannu, Royce ya kwance ɗamarar.

"Saboda kare ka yi min haka?" Royce ya ce wa Lonnie da za a fita da shi.

"Saboda kare."

Cikin bazara alƙali ya yanke hukunci. Royce bai shiga kurkuku ba, amma ya rasa bindiga goma sha ɗaya, har da ta farautar mahaifinsa. Mai kantin abincin dabbobi surukin Royce ne, don haka Lonnie ya rasa aikinsa na shekara shida, da kujerarsa a teburin domino, da gaisuwar Delbert. Ga kuma karya ɗaya mai shekara tara, wadda ya rasa tun farko.